Saani da Giya ta Biyu

Shekara tara Saani yana tuƙa motar tsere, kuma bai taɓa wuce giya ta ɗaya ba. Ni maƙwabcinsa ne a Harlem, na sha wannan labarin har ya gundure ni, don haka yau ku ma sai kun sha.

Kafin ya zo New York, direban turoturo ne, motar hayar nan ta Kumasi da ke tsayawa duk inda aka ɗaga hannu. A nan New York ya samu aiki a wani garejin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa. Cikin ma'aikata bakwai shi kaɗai ya san abin da ake yi da kuloci. Shi ya sa da wani tsoho ɗan Italiya mai suna Renzo ya kawo jar motar tsere, Alfa Romeo ƙirar 1959, mai kujera biyu, Saani aka miƙa wa makulli. Aikinsa ya fito da ita daga lungu zuwa bakin ƙofa duk Lahadi, tafiyar da ba ta kai taku arba'in ba.

Wannan taku arba'in ɗin ya ishe shi ya zama malami. A bakin masallaci ya hana mu sakat da tarihin Mille Miglia, tseren mil dubu daga Brescia zuwa Roma a dawo. Ya san sau goma sha ɗaya Alfa Romeo ta ci, amma ka tambaye shi ranar haihuwar matarsa Rafia, sai ya fara sosa ƙeya. Har safar hannu ta fata ya saya.

“Mota nan, idan ka sa shi sekon giya, zai yi kuka kaman mutum,” in ji shi.

“Ka taɓa ji?” na tambaye shi.

Kwana uku bai gaishe ni ba.

A bazarar 2016 gwiwar Renzo ta ƙi taka kuloci, ya sayar da motar ga wani a unguwar Queens. Ya ce Saani ne zai tuƙa su su kai ta. Ranar ce damar Saani ta farko, kuma ita ce ta ƙarshe. Ya sa farar rigar Juma'a ranar Talata.

Suna fita suka faɗa cunkoso. Awa guda suna rarrafe a giya ta ɗaya, masu keke suna wuce su. Sai da suka sauka daga gada hanya ta buɗe fetal. Saani ya taka totur, injin ya ɗaga murya, ya kai hannu kan giya. Daidai nan wata mata mai jakunkuna ta ɗaga hannu a bakin titi, tasi take nema.

Ya rantse mini bai yi niyya ba. Ƙafarsa ce ta taka birki da kanta, ya gangara gefe, ya leƙo yana tambayarta ina za ta. Matar ta dubi kujeru biyu da maza biyu, ta ja jakunkunanta baya. Kafin ya dawo hayyacinsa, motar shara ta shiga gabansu, ita suka bi har ƙofar mai saye.

Na yi niyyar in yi masa dariyar shekara. Amma ya ce da ya kashe injin ya kasa fitowa, ya zauna riƙe da sitiyari, ido ya cika. Renzo ya ɗora hannunsa a kan na Saani, ya ce ya taka kuloci, suka tura giya ta biyu tare. Tsohon ya fara kukan injin da baki, Saani ya kama masa. Ta uku. Ta huɗu. Mai saye yana tsaye yana kallon dattawa biyu suna gurnani a cikin motar da ko motsi ba ta yi.

Na tambaye shi yaya kukan yake.

“Kaman mutum,” in ji shi. Wallahi ban iya dariyar ba.