Takardar Kabon da Na Hana Wuta

Kwanan baya aka tara mu a wurin aiki ana koya mana dokar kare bayanan mutane: kada a tambayi abin da ba a bukata, a kulle abin da aka karɓa, in ya fita a sanar da mai shi. Ina zaune ina murmushi, don wani tsoho ya riga su koya mini, kuma da zafi na koya.

Lokacin ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, ina buga tafireta a wani ƙaramin asibiti a Sabon Garin Jega. Ina kewar wurin har gobe. Ɗaki uku ne da bishiyar dalbejiya, da safe ƙamshin ƙosai yana shigo mana ta taga. Shugabanmu tsohon malamin asibiti ne, mai faɗa kamar me, makullin kabad ɗin katunan marasa lafiya kullum a wuyansa. Bai taɓa kiran cutar mutum da ƙarfi ba. In na gama buga wasiƙa, sai ya sa a ƙone takardar kabon, baƙar takardar nan da ake sakawa tsakani don a sami kwafi.

Ni kuwa ƙonawar nan tana ci mini rai. Kabon sabo fil, bugu ɗaya, a ce wuta? Maƙwabciyata tana ɗinkin fulawa a zanen gado, da kabon take kwafar zane. Sai na riƙa ɓoye mata guda biyu uku a jaka, ina ganin kaina mai dabara.

Wata rana na buga wasiƙar tura wata mata babban asibiti. Mai tuwo ce a kasuwar albasa ta Aliero, da tuwon take riƙe da 'ya'yanta huɗu. Ana zargin tarin fuka ne, ba a tabbatar ba. Kabon wasiƙar ya bi sahun waɗanda nake kai wa maƙwabciyata. Ashe in ka ɗaga sabon kabon a rana, rubutun yana fitowa tsaf. Ƙanwar mijin maƙwabciyata, wadda ke aure a Aliero, ta zo ganin gida, ta ɗaga ta karanta. Sai bayan ta koma maƙwabciyar ta ba ni labari, har tana dariya.

Na kai kaina gaban tsoho na faɗa masa komai, ina jiran tsawa. Bai yi ba, da ma ya yi.

"Ɗiyata, sirrin nan ba naki ba ne, ba nau ba ne," in ji shi. "Ki tahi Aliero yanzu ki hwaɗa mata da bakinki abin da kinka yi."

Na shiga mota. Ranar kasuwa ce, buhunan albasa jibge ko'ina, 'yan dako suna ta kai da kawo. Kowace rumfar abinci cike take, ban da tata. Bencinta biyu babu kowa, tukunyar miya a rufe. Labari ya riga ni isowa.

Na durƙusa na ce, "Inna, ni ce sanadi." Na zayyana mata, har zanen gadon ban ɓoye ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta zage ni ba. Ta buɗe tukunya, ta zuba tuwo da miyar kuka a kwano, ta ajiye a bencin da ke bakin hanya.

"Ke kinka buga takardar, kin san mi anka rubuta. Zamna nan ki ci, su gani."

Gaskiya na ji tsoro. Na wanke hannu na ci, loma bayan loma, idon kasuwa a kaina. Kafin in sauke kwanon, wani ɗan dako ya zo ya zauna a ɗaya bencin, ya ce a zuba masa.

Daga baya na ji an auna ta, ba tarin fuka ba ne. Rumfarta ta sake cika, amma sai da ta ɗauki watanni. Shekara shida na ƙara a asibitin nan, kuma ko ciwon kai ba ta sake kawo mana ba.