Gadon da na samu a Riyad

"Inna lillahi! Wa ya rasu?" Da haka Yaya Hadiza ta tare ni a waya, ina cikin wanke mota a unguwar Nasiriya.

Saƙona ne ya jawo. Kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, zai tafi hutu da ni, kuma daga Tailan zuwa Maleshiya jirgin ƙasa mai wurin kwana za mu shiga. Don murna na rubuta wa 'yan gidanmu na Maraɗi: "Alhamdu lillahi, na samu gado!"

Na ce, "Yaya, na kwanciya ne! In kwanta a wata ƙasa, in farka a wata!"

Ta ce, "To, ko ma wane iri ne, ina kasona?"

Malamai, ku taimaka min kafin mu tashi: yaya ake rabon gadon jirgi?