Dakta Ummul-Khairi Mahamudu da Rubutun da Ido Ba Ya Gani

Haihuwa da karatu

An haifi Ummul-Khairi a shekarar 1963 a garin Badagishiri, mahaifinta Malam Mahamudu Chindo manomin albasa ne, mahaifiyarta kuwa Fadimatu. Ta shiga lakwal, wato makarantar firamare, a 1970, ta zarce kolej a Birnin Ƙonni, daga bisani ta karanta ilimin sinadarai a Yamai.

Aure

A 1988 aka ɗaura mata aure da Hamani Abarshi, malamin lissafi ɗan Alela, suka zauna Ƙonni suna karantarwa shekara goma sha biyu.

Bincike

A shekarar 2000 ta samu gurbin bincike a Faransa, maigidanta ya riƙe yaransu. Can aka damƙa mata wata na'ura mai siririyar allura, wadda take shafa fuskar abu ta bayyana tudunsa da kwarinsa har zuwa ƙwayar zarra. Aikinta shi ne ta tsoma allurar cikin sinadaran da jiki yake yaƙar cuta da su, ta jera su layi-layi bisa gilashi, kowane layi ya fi gashi siranta sau dubu, da fatan wata rana su cafke ƙwayar sanƙarau cikin ɗigon jini.

Shekara biyu layukan suna tsinkewa, har shugaban ɗakin binciken ya yanke shawarar miƙa na'urar ga wani. Ta roƙi alfarmar wata ɗaya. Cikin watan ta bi bayananta rana-rana, ta gano cewa layukan sun fi tsinkewa idan iskar ɗakin ta bushe. Da ta ƙara wa ɗakin danshi, sai suka tsaya cif. Ta karɓi digirin dakta a 2004.

Komowa gida

An nemi ta zauna can, ta yi godiya ta komo Ƙonni a 2005. Da mahaifiyarta ta ga hoton layukan, ta ce, "Ɗiyata, wanga abu ne ya tsare ki shekara biyar?"

Ta ce, "Shi ne, Inna. Tarko ne na ɗana ma cuta, wasu za su ida shi."

Ta koma aji cikin natsuwa, ɗalibanta mata biyu suka bi sawunta zuwa jami'a.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis, 12 ga Maris 2009, bayan gajeruwar jinya. An yi mata sutura a Badagishiri bayan sallar la'asar. Ta bar mahaifiyarta, da mijinta, da 'ya'ya uku: Sabi'u, Ubaidullahi da Muhsina. Allah ya jiƙanta.