Mai Shiƙa a Bayan Takardar Kuɗi

Tsohuwar tana tsaye gaban teburin mai shago, sabulu a hannu ɗaya, sabuwar takardar kuɗi a ɗayan. Tafukanta duk kanta ne, da gani ta sha aikin hatsi tun tana yarinya. Har ta miƙa kuɗin, sai idonta ya faɗa kan zanen da ke baya: wata mata tana shiƙa, ƙugu a karkace, ɗankwali ya zame.

Sai ta ƙyalƙyale da dariya, giɓinta a waje.

"Ɗana, dubi tsayuwar nan! Wallahi ta Innata ce sak!"

"To Iya, sabulun fa?" in ji mai shago.

Ta tura masa abinsa, ta lallaɓa takardar cikin jaka, ko lanƙwasa ta ba ta yi ba.

"Wankin ya jira. Wa zai ba da uwarsa a kan sabulu?"