Kanarin Surukina

Shekarun baya, jikokina, shekarar da aka ce Turawa sun naɗe tabarmarsu, ina amarya a Geza, ko lallen ƙafata bai goge ba.

Surukina tsoho ne, idonsa ya tafi. Ba shi da abokin hira sai wani kanari da ya zo da shi daga duwatsun Dahome, cikin kejin kara. Ni ke ba shi gero da ruwa. Wata safiya na buɗe keji, tuwo ya kama ƙauri, na ruga. Kafin in dawo, keji wayam.

Na ce wa tsoho tsuntsu na zubar da gashi ne, shi ya sa ya yi shiru. Na aika wa yayana da ke fatauci a Illo, na ce don Allah ya nemo mini irinsa: ƙirji ruwan ɗorawa, kai toka-toka, ɗan baƙin zane a gefen baki. Ya kawo, kamar an tsaga kara. Ku ji wauta, na zauna ina gwada launi saboda makaho!

Kwana uku sabon bai ce uffan ba. In ya yi shiru tsoro, in ya motsa baki tsoro. Ina ta hango kaina an ɗaura mini kayana an mayar da ni gidanmu da sunan maƙaryaciya.

Rana ta huɗu, da hantsi, ya saki murya. Tsoho ya karkata kai yana saurare.

"Ɗiyata, zo nan."

Na durƙusa. "Na'am, Baba."

"Na dutse, in ya ɗauko waƙa, jan ta yakai har sai numfashi ya ƙare mai, kamar Bafillace na kiran shanu. Wanga ko yanyanka ta yakai, kamar mai tallan kifi. Ɗan bakin gulbi na. Uwassu ɗaya, garinsu daban."

Na fashe da kuka, na faɗi gaskiya duka.

Ya ce, "Tun ran da kika ce gashi yaka zubarwa na sani. Muryakki rawa ta yi. Tashi ki ƙara mai ruwa, shi bai yi laifi ba."

Bai gaya wa mijina ba har ya koma ga Allah. Sai dai bai ƙara zama kusa da kejin nan ba, kuma wannan ya fi mini duka zafi. Har yau in na ji kanari, sai in tsaya da abin da nake yi, in saurari inda zai yanke.