Kuzar da Ta Daina Kuka a Bakin Alassani

A kan mazurari muka yi faɗa da Alassani mai liƙi. Koko nake sayarwa a bakin layinmu na Zongo tun ba a haifi rabin masu sayensa ba, kuma da mazurarin nan nake ɗura wa masu zemijan, wato 'yan acaɓa, a kwalba. Wuyansa ya tsage, na kai masa ya liƙe. Da na dawo gida na shafa wurin, sai yatsana ya yi baƙi kamar na taɓa kwalli.

Na koma rumfarsa na dangwarar da shi kusa da kurfoti, murhunsa na gawayi.

"Alassani, liƙi na ce ka yi mini ko kwalliya?"

"Iya Batul, yana yoyo ne?"

"Ba ya yoyo."

"To bakinki ne ke yoyo, shi kuwa ya fi ƙarfin wutata."

Duk maganar nan da sandar liƙi a tsakanin haƙoransa ya yi ta. Haka yake aiki tun yana saurayi: hannu ɗaya da gwangwani, ɗaya da ƙarfen wuta, baki kuma riƙe da sanda.

Kakansa ya haƙa kuza a Jos. Ubansa ne ya gangaro Lomé da sana'ar, yana mai da gwangwanin madara da na tumatir fitila da magogi da mazurari, har daga unguwar Amoutivé mata ke zuwa saye. Shi ya koya wa Alassani cewa kuza ta gaskiya tana kuka. In ka lanƙwasa ta ko ka cije ta, za ka ji tana ƙas-ƙas. Daga gwaji cizo ya zama jiki. Matar Alassani ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Djamila, da gwangwanayen nan ya kai ta har jami'a tana karatun kimiyya.

Da kuza ta yi wuyar samu, sai ya fara fasa tsohon batir na mota yana narka dalmar ciki yana haɗawa. Yau kaɗan, gobe ya ƙara. Cizon dai bai daina ba.

Ni na fara lura, don rumfarsa tana kallon tukunyata. Mutumin da ya saba zolaya ya koma fushi da kaji. Sai ya riƙe ciki ya duƙa a kan benci har gawayi ya mutu. Hannun dama ya riƙa langaɓewa daga wuyan hannu, ƙarfen wuta na faɗuwa masa. Matan layi suka ce sammu ne, aka yi ta ba shi rubutu. Wata rana ya yi hamma a gabana, na ga wani siririn zane mai shuɗi-shuɗi a dasashinsa, launin da mazurari ya bar mini a yatsa.

Da Djamila ta zo sayen koko na riƙe mata hannu, na ciro mazurarin da na ajiye tun ranar faɗan.

"Ke mai boko, shafa nan ki gaya mini abin da ubanki ke ci."

Ta shafa, ta dubi yatsanta.

"Kaka, ai Baba cewa yake kuza ce."

"A ido kuza ce. Me ya sa suke kama haka?"

Ta tsuguna ta zana da'ira biyar a ƙasa, wata cikin wata, ta ɗebi gyaɗa daga farantina tana jerawa. Ta ce kowane ƙarfe, in an kai shi ƙarshen ƙanƙanta, yana da waɗansu 'yan mitsi-mitsi da ke zagaya tsakiyarsa, sunansu elektiron. Na kuza hamsin ne. Biyu a can ciki, sai takwas, sai sha takwas, sai wani sha takwas, huɗu kuma a waje.

"Dalma fa?"

"Nata tamanin da biyu ne, da'irarta shida. Amma ita ma huɗu ne a waje, shi ya sa aka jera su gida ɗaya, halinsu yana kama."

"Wato zaure iri ɗaya, cikin gida daban."

"Haka ne. Kuza ba ta cika cutarwa ba. Dalma kuwa in ta shiga jini, ƙashi take nema ta zauna." Ta waiga ta dubi rumfar ubanta. "Kaka, tun yaushe hannunsa yake haka?"

Na ja ta muka tsallaka zuwa rumfar Alassani.

Da ƙyar ya saurare ta. Ya ce karatun Yovo ne, wato na Turawa, ubansa ya ciji sanda har tsufa bai mutu da ita ba.

"Ubanka kuza ya ciza," na ce. "Ciji taka mu ji kukanta."

Ya kalle ni, ya kalli 'yarsa, ya ciza. Muka matso da kunne. Shiru, sai sawun haƙoransa a jikin sandar kamar a sabulu. Ya ɗaga hannu zai cire ta, hannun ya ƙi, ta faɗo a cinyarsa.

A asibiti suka ɗebi jini suka ce dalma ce, ta yi yawa. Magani mai tsawo ne, kuma ba wanda ya yi alkawarin hannun zai dawo. Djamila ta san in aka bar shi kusa da rumfa zai koma, sai ta shirya kai shi wurin gwaggonta a unguwar Nyékonakpoè. Tun tafiyarsa ban sake ganinsa ba. In na tambaye ta takan ce da sauƙi, amma ƙasa take kallo.

Ranar tafiyar, ana sa shi a mota na ga aljihunsa ya yi nauyi. Na zura hannu ba sallama, na zaro wata gajeriyar sanda fara tas.

"Alassani, ba ka da kunya?"

"Ta Baba ce, Iya Batul. Daga Jos ta zo. Ba komai a cikinta."

"Lanƙwasa mu ji."

Ya gwada, yatsun suka zame. Ya sake gwadawa, zufa ta karyo masa. Na karɓa na kai kusa da kunnensa na lanƙwasa, ta yi ƙas-ƙas. Ya rufe ido yana saurare.

Na mai da masa ita aljihu na ce, "Wannan ka riƙe, amma a kunne, ba a baki ba. In na ji ka ciji wani abu da ba tuwo ba, har can zan biyo ka. Ranar da hannunka ya sa ta kuka da kansa, ka aiko a gaya mini."