Hatsin da Na Ce Ta Ɓoye a Zane

Akwai abu guda da na aikata wanda har ƙasa ta rufe idona ba zai fita raina ba. Na manta mutane da yawa, na manta garuruwan da na kwana a ciki, amma ranar da na tare wata mata a bakin danga na ce ta kwance zanenta, wannan rana tana nan daram.

Lokacin Nasara sun tara mutane ana sharar hanya daga wajen Gangara zuwa Tanut. Ni ba karatu gare ni ba sai ɗan allon da na bari tun ina ƙarami, amma an ce ina da amana, sai aka damƙa mini rumbun hatsin da ake ciyar da ƴan aiki. Ni ke auna wa mata masu daka da safe, ni ke karɓar gari in miƙa wa masu tuƙa tuwo. Ranar da na kama aiki, gardin da ke kanmu, wato dogarin Nasara, ya nuna mini bulalarsa, ya ce in hatsi ya ragu bayana ne zai ji. Tun daga nan na zama wani iri. Ko kaza ta gifta gaban rumbu sai na bi ta da kallo.

Mata shida ke daka. Babbarsu wata tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, bakinta ba ya ragawa kowa. Ita ta kawo mini ta bakwai, wata siririyar yarinya ƴar asalin Falanko da aure ya kawo ƙauyen da ke kusa da mu. Mijinta ya bi fatake kudu tun bayan kaka, shiru ba labari, kuma rumbunsu ba kome. Ladan daka ɗan hatsi ne da dusa, shi take nema.

"Malam," in ji ta, kanta a ƙasa, "ina da roƙo. In zo da sassafe in yi daka har hantsi. Sauran rabona a ba ni in kai gida, in kawo gari da la'asar."

Na ce, "Don me?"

"Ina da ƴa. Maƙwabciyata ke riƙe mini ita, amma da hantsi take kora awaki rijiya, ba ta dawowa sai yamma."

"To ki goyo ta ki zo mana, kamar kowa."

Sai Inna ta ce, "Ta yaye ta. Kai dai auna mata, ni na tsaya mata."

Da ina da hankali, da na tambayi kaina yadda aka yi aka yaye jaririyar da ko tafiya ba ta gama koyo ba. Amma ni gwauro ne lokacin, matata ta fita ba mu haihu ba, ban san kome na mata ba. Abin da na ji kawai shi ne hatsi zai bar gaban idona. Na yarda don kunyar Inna, na kuma sa mata ido.

In kana neman laifin mutum, samu kake. Na lura takan ajiye taɓarya ta zaga bayan zana, ta jima, ta fito tana gyara ɗaurin zane. Na lura ba ta tsayawa hira. In na matso sai ta juya mini baya. Garin da take kawowa da la'asar cike yake, ban taɓa samun shi da ragi ba, amma sai na ce wa kaina ai mai wayo ba ta inda ake duba take sata ba. Ana haka kuma rumbu ya soma sauka fiye da yadda na saba gani. Gardi ya leƙa wata rana, ya dube ni, ya shafa bulala, ya wuce. Daga baya ya ja ni gefe ya ce, "Sabuwar nan da ke tafiya da wuri, ka duba ta kuwa? Kullum ƙugunta ƙara kauri yake."

Na duba, haka ne. Hannuwa sirara, wuya siriri, amma tsakiya ta yi tudu, kuma ana ganin shatin wani tsumma naɗe ƙarƙashin zanen. A raina na gama shari'a: jaka ce ta ɗaura, a bayan zana take cika ta.

Washegari da hantsi ta ɗauki ƙwaryarta za ta fita, na sha gabanta.

"Ajiye ƙwaryar."

Ta ajiye.

"Kwance abin da kika ɗaura a cikinki."

Taɓare shida suka tsaya lokaci guda. Ban taɓa jin wurin nan shiru haka ba. Yarinyar ta rungume cikinta da hannu biyu, ba ta ce kome ba. Ni kuwa shirun nata ya ƙara mini ƙarfi. Na ɗaga murya na ce ko ta kwance da kanta ko in sa mata su kwance, ba zan sha bulala don ɓarauniya ba.

Inna ta jingine taɓarya, ta share hannu a zane, ta zo ta tsaya tsakaninmu.

"Kai, mai rumbu," in ji ta, "hatsin da ke nan ba naka ba ne, ba na Nasara ba ne. In kana so ka gan shi, ka jira wata huɗu, zai fito da kansa yana kuka."

Babu wadda ta yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Ciki ne. Ta samu ciki tana shayar da ƴarta, abin da mata ke ce wa kwanika, kuma a wurinmu abin kunya ne da ake yi wa mace gori a bakin rijiya. Shi ya sa ta cire ƴar daga nono da wuri, ga tata uwar can Falanko, ba wanda za ta kai wa yaye. Shi ya sa ba ta iya goyo a baya da ciki a gaba tana daka. Tsumman da na gani, ɗaure cikin take da shi don kada ya fito a ce ba ta iya aiki a sallame ta. Zagayawar bayan zana kuwa, jiri ne ke ɗibar ta. Duk matan sun sani tun ranar farko. Ba maganar da ake faɗa wa namiji ba ce, shi ya sa suka rufe. Ni na zo na tone a gaban jama'a.

Ta ɗaga kai ta dube ni, karo na farko. "Malam, in za ka kore ni ka kore ni. Amma ban taɓa ɗaukar ƙwayar da ba tawa ba." Ta bar ƙwaryar a ƙasa ta tafi.

Kwana biyu ba ta zo ba. A na uku Inna ta ce mini, "Ka san ba abin da take ba ƴar nan sai kunun da take damawa da ladan nan? Ɗauki hatsi mu je." Na ɗora a jaki na bi ta kamar wanda za a kai hukunci. Na tsaya a ƙofar gida na yi sallama, na ba da haƙuri ta bayan danga, ban san ma me na faɗa ba. Inna ce ta tsara sauran. Matan za su riƙa yi mata surfe da daka mai nauyi, ita ta karɓi bakace da tankaɗensu duka, aikin zaune, ta yi a gida ƴarta na gefenta. Ni zan kai in ɗauko. In ta haihu, turminta na nan har ta gama wankan arba'in. Gardi ya yi gunaguni, na ce masa gari dai yake so, kuma gari na zuwa.

Bulala na sha ta daga baya, don rumbun bai daina sauka ba. Har yau ban san wanda ya ci hatsin nan ba. Akwai wanda raina ke kaiwa gare shi, amma na daina faɗin abin da ban gani da idona ba.

Ta haihu lafiya, ta dawo aiki har aka tashi daga wurin. Tana gaishe ni kullum, cikin ladabi, amma ba ta sake duban fuskata ba, ban kuma ga laifinta ba. Abin da na koya shi ne, mutum in tsoro ya kama shi, wanda ya fi shi rauni yake fara tuhuma. Kuma ba duk mai ɓoye abu ne ɓarawo ba. Wani mutuncinsa ne kawai ya rage masa, shi yake rufewa.